Kabarin Kawu Mamman a Ƙasar da Ruwa Ke Dawowa

Wata ranar Laraba da hantsi, a ranin da ya biyo bayan sallamo sojojin babban yaƙi, mu uku muna tsaye a bakin ruwan Kalaba: ni, da kawuna Mamman mai haƙar rijiya, mutumin Bauranya ta ƙasar Kusada, da ɗansa Isiyaku, taubashina. Tare da mu akwai wani mai suna Sule, wanda muka haɗu da shi a zangon Hausawa, ya ce sana'arsa kai leburori gonakin ayaba na Tiko, a ƙasar Kamaru. Ya ce Turawan can suna neman masu haƙar lambatu ido rufe. Kawu ya daɗe yana mamakin wannan aiki, wai a ɗauki mutum ya haƙa ƙasa don ya kori ruwa, shi da ya tsufa yana haƙa don ya same shi.

Damina ce ta yi mana gardama a shekarar, gero bai cika rumbu ba, shi ya sa muka fito cin rani mai nisa. Tun daga Kano, duk tashar da jirgin ƙasa ya tsaya, sai Kawu ya sauka ya ɗebi ƙasa a tafin hannu, ya murza, ya shinshina, ya faɗa mana ko gaba nawa za a yi kafin a iske ruwa a wurin. Isiyaku yana ce masa ya rage, kada mutane su ɗauka yunwa ce ta sa muke ɗanɗana ƙasarsu. Kawu bai kula shi ba. Shi a ganinsa, idan ka san zurfin ruwan gari da abin da suke tuƙa tuwo da shi, ka san rabin halin mutanen. Bayan Kafancan muka ga masu noma a kan dutse. A Makurɗi muka hau gadar Binuwai, na leƙa ƙasa na kasa ganin inda ruwan ya ƙare, na koma na zauna. Daga Inugu zuwa gaba babu rumbu ko ɗaya, babu jaki, babu gawo, sai doya a ɗaure jikin itatuwa kamar an jera tubali, da daji mai duhu wanda rana ba ta kai ƙasansa. A nan Kawu ya daina sauka. Ya ce a wannan ƙasa ko akuya ta tona za ta iske ruwa, ba su da bukatar irinsa.

A zangon Kalaba zazzaɓi ya kama shi, da ciwon ciki. Mai masaukinmu ya ba shi jiƙo, ya ba mu shawarar mu dakata. A zangon ne kuma aka ƙara jaddada mana maganar da muka taɓa ji a kasuwar Kankiya daga bakin fatake, cewa mutanen da ke zaune cikin ruwa ba su san binne gawa ba, baƙo kuma idan ya mutu a hannunsu ba a sake jin labarinsa. Babu wanda ya ce ya gani da idonsa. Mun dai riƙe maganar. Kawu ya ce ba zai kwanta a gidan mutane yana cin abincinsu ba, mu tafi.

Sule ya sa mu cikin wani dogon kwalekwale, aka kwantar da mu tsakanin buhunan garin rogo, aka rufe mu da tabarmi, wai kada 'yan sandan ruwa su gan mu. Haka muka wuni, ba mu ga hanya ba, sai ƙarar filafili da nishin Kawu. Dab da magariba aka yaye tabarmin. Mun iso wasu bukkoki da aka kafa a kan dogayen itatuwa, ruwa ya kewaye su ta ko'ina, har yana lasar tsanin hawa. Sule ya ce mu hau mu huta, zai je ya kira jirgin kamfani ya dawo da safe. Ya tafi da guzurinmu da bargon Kawu, ya ce za su jiƙe idan ya bar su. Ban sake ganinsa ba har yau.

Abin da ya rage mana shi ne tufafin jikinmu, da buta, da dagin Kawu, wato ƙarfen da yake haƙa da shi, wanda bai yarda ya rabu da hannunsa ba tun daga gida.

Mutanen wurin masunta ne. Babu wanda ya ji Hausa a cikin waɗanda suka tarbe mu, mu ma ba mu ji ko kalma ɗaya tasu ba. Wata tsohuwa gajera, mai tabar lofe a baki, ita ce ta nuna mana kusurwar bukkarta, ta kawo dafaffen kifi da wani tuwo fari mai tsami. Na ɗebo ruwa a buta daga ƙarƙashin ɗakin don alwala, na kai baki, na tofar. Gishiri ne zalla. Tsohuwar ta girgiza kai, ta buɗe wata randa da ta rufe da ganye, ta auno mana ruwan sha a ɗan ƙoƙo, kamar yadda ake auna mai. Kawu ya sha kaɗan, ya ce ashe akwai inda ruwa ya fi na Kusada tsada, kuma a kansa ake kwana.

Da asuba mazan suka shiga jiragensu suka nufi teku, aka bar mata da tsofaffi. Ruwan yana nan yadda muka same shi jiya. Jikin Kawu ya yi tsanani. Ya kira Isiyaku, muryarsa ƙasa ƙasa, ya ce, "Isiya, ka dai ga ƙasar nan. In ta Allah ta kasance, ka nemo mini busasshen wuri. Na sha wuya ina biɗar ruwa, ban so shi iske ni kwance."

Isiyaku ya ce masa ya bar wannan magana, gobe war haka yana Tiko yana yi wa Turawa faɗa a kan zurfin lambatu. Kawu ya yi ɗan murmushi. Kafin hantsi ya yi kyau ya cika.

Mun yi masa wanka da ruwan randar tsohuwar. Ita da kanta ta tura mana randar, ba mu roƙa ba, kuma sai daga baya na san daga inda ake ɗauko ruwan nan. Muka yage rawaninsa da farar rigarsa muka haɗa likkafani. Da na fito ƙofar bukka don in duba inda za mu kai shi, sai na tsaya cak. Ruwan nan da ya kewaye mu ya janye. Tsanin da jiya yake nutse yanzu yana tsaye a kan laka. Itatuwan bakin gaɓa sun bayyana a kan saiwoyi dogaye kamar masu tafiya da ƙafafu, wasu ƙananan kifaye kuma suna tsalle a kan laka, a waje da ruwa, ba su mutu ba. Can gaba kaɗan ga wani tudun yashi fari fat, mai faɗi, rana tana dukansa.

Na kira Isiyaku. Ya duba, ya yi hamdala. Ya ce ambaliya ce muka tarar jiya, an yi ruwa a can sama, ga shi ta wuce. Na yarda da shi nan take, don haka muka san gulbi. A ƙasarmu gulbi yakan kawo ruwa ya cika har ya hana ƙetarewa, kwana ɗaya ya sauka, idan kuma rani ya shiga yara suna wasa a tsakiyarsa har damina ta dawo. Muka ɗaga kai muka duba sama, gabas da yamma, babu ko alamar hadari. Duk wanda ya tashi tsakanin Kankiya da Kusada abin da zai duba ke nan.

Muka ɗauki Kawu a kan tabarma, muna nutsewa cikin laka har ƙwauri, muka kai shi tudun. Muka yi masa salla mu biyu, ni ne liman. Isiyaku ya ja layi da dagi ya fara haƙa.

A nan ne matan suka sauko. Suna magana da ƙarfi, dukansu lokaci ɗaya, suna nuna teku, suna nuna gawar, suna nuna wani kwalekwale. Tsohuwar ta zo ta kama dagin da hannu biyu. Isiyaku ya fizge. Ta shiga cikin ramin ta tsaya. Ya ɗago ta kamar yarinya ya ajiye gefe. Fuskarsa ta canza, ya ce da ni, "Ka ga abin da aka gaya muna ko? So suke mu ba su shi. Wallahi sai dai su haɗa da ni." Ni ma abin da na ɗauka ke nan. Na tsaya tsakaninsu da gawar, na ɗaga wani guntun itace. Matan suka ja baya. Tsohuwar ta dube ni, ta dubi itacen, ta cire lofenta ta tofar da yawu, ta juya.

Ramin bai yi zurfi ba ƙasansa ya fara tsatstsafo. Isiyaku ya ce ba komai, haka yashin gulbi yake, ruwansa a ƙasa yake zama, ba ya hawowa sai an yi ruwan sama. Muka tsaya a nan, muka shimfiɗa ganyen kwakwa, muka kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla, muka jera itace, muka mayar da yashi. Azahar ta yi muna gamawa. Muka zauna a gefen kabarin don ba mu da wurin zuwa, ba mu kuma son komawa bukkar matar da muka ɗaga wa itace.

Ba a jima ba sai ga ta ta dawo, ita da mata uku, suna jan ƙaramin kwalekwale a kan busasshen yashi. Suka kawo shi dab da kabarin, suka kafa turke, suka ɗaure. Tsohuwar ta shiga ciki ta zauna, ta kunna lofenta, ta ba mu baya. Duk da halin da yake ciki, Isiyaku ya taɓa ni ya ce, "Bawana, dubi kakarka. Ta hau jirgi bisa tudu, Makka za ta." Na ce masa ai matarsa ce, ya je ya tura ta. Wannan ce dariya ta ƙarshe da muka yi ranar.

Wajen la'asar na lura layin ruwan da ke can nesa ya matso. Na ce idona ne. Na kafa tsinke a bakin ruwan, na dawo na zauna, kafin in gama addu'a tsinken ya nutse. Babu iska, babu tsawa, sama wasai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda ruwan ya dosa. Da safe na ga ganyaye suna bin sa zuwa teku. Yanzu ganyayen nan suna dawowa, kogi yana gudu da baya, yana hawa tudu. Na nuna wa Isiyaku. Ya miƙe tsaye, ya dubi sama, ya sake dubawa. Sai ya fara tara yashi da hannu yana yi wa kabarin ganuwa, kamar yadda ake tare kunya a gona. Na taya shi. Ruwan bai fasa ganuwar ba, ta ƙarƙashinta ya ɓullo.

A lokacin ne jiragen masunta suka shigo, ruwan yana turo su. Tsohuwar ta miƙe a cikin kwalekwalenta, wanda yanzu ya fara lilo, ta ƙwala kira. Wani dogon mutum sanye da tsohuwar rigar soja ya diro, ya nufo mu cikin ruwa. Ya saurari tsohuwar, ya dubi tudun kabarin, ya dube mu. Sai ya yi mana sallama da Hausa, irin ta bariki. Ya ce sunansa Etim, ɗan tsohuwar ne, ya yi soja tare da Katsinawa da Zagezagi a can ƙasar Bama, lokacin babban yaƙi. Ya tambaya ko wane ne a ciki. Isiyaku ya ce ubansa ne.

"Ka fitar da baba yanzu," in ji Etim. "Ruwa yana zuwa. Wata ya cika, yau zai rufe nan har wuyana."

Isiyaku ya ce ai ba a yi ruwan sama ba. Etim ya ce wannan ba ruwan sama ba ne, teku ce, kullum tana tafiya tana dawowa, safe da yamma, tun kafin a haifi kakansa. Ya ce yashin nan ba ya riƙe komai, idan ruwa ya hau zai kwance shi, abin da ruwa ya bari kuma ƙaguwoyi za su gama da shi kafin gobe.

Ruwa ya kai mana idon sawu. Isiyaku ya tsaya a kan kabarin, dagi a hannu. Ya ce a addininmu ba a tone mamaci, kuma shi bai san inda za su kai shi ba. Na gaya masa malamai sun yarda a tone idan ruwa zai ci kabari, na ji haka a makarantar zaure a Kusada. Bai dube ni ba. Etim yake kallo.

"Ina za ku kai shi?"

"Inda ubana yake," in ji Etim. "Kana tsammani mu ba mu mutuwa?"

Isiyaku ya jefa dagin cikin kwalekwalen tsohuwar, ya durƙusa, ya fara tonawa da hannu. Ni da Etim da wasu masunta biyu muka sa hannu. Duk yashin da muka kwashe, ruwa yana mayar da rabinsa. Sai da ruwan ya kai gwiwa muka taɓa itacen. Muka ɗago Kawu, likkafanin ya jiƙe sharkaf, ya yi nauyi. Ba mu yi taku ko ɗaya da shi ba, don jirgin yana nan a gefenmu, daidai inda tsohuwar ta ɗaure shi tun azahar. Ta matsa ta ba shi wuri, ta cire mayafinta ta rufa masa.

Muka bi wasu ƙananan hanyoyin ruwa cikin itatuwan nan masu ƙafafu, masunta huɗu suna tuƙi. Da na waiwaya, babu tudun yashi, babu alamar an taɓa haƙa wani abu a wurin, sai kan turken kawai. A hanya Etim ya gaya mini cewa su ma ba a nan asalinsu yake ba. Bukkokin na kamun kifi ne. Gidajensu da gonakinsu da kaburburansu suna kan tudu, daga can kuma suke ɗauko ruwan sha a randa. Ya ce da a ce mun yarda tun da safe, da matan sun kai mu kafin ruwa ya gama janyewa. Ya tambaye ni yadda ƙasarmu take. Na ce masa kogunanmu suna bushewa rabin shekara, mutum yakan haƙa rami gaba da yawa kafin ya ga ruwa, wannan da muke ɗauke da shi ma aikinsa ke nan. Ya fassara wa masu tuƙi. Suka daina tuƙi suna kallona. Ɗayansu ya yi tambaya, Etim ya ce wai yana so ya sani, mutanen da ke zaune a irin wannan wuri, laifin me suka yi aka kai su can.

Rana tana gab da faɗuwa muka isa gaɓar da ke da tudu. Isiyaku ya riga kowa sauka. Ya hau, ya durƙusa, ya ɗebi ƙasa a tafin hannu, ya murza, ya shinshina. Jar ƙasa ce mai tsakuwa. Ya miƙo hannu na ba shi dagin. Dattawan garin suka nuna mana wuri a gefen nasu, ƙarƙashin wata bishiya da ban san sunanta ba. Etim ne ya gyara mana alƙibla, ya ce ya haƙa wa Hausawa kabari a Bama fiye da sau ɗaya, ya san yadda suke kwanciya. Isiyaku ya haƙa har ƙirji, ya fitar da ƙaramin ramin ciki, ya shafa ƙasan da bayan hannu, ya nuna mini. Babu danshi. Muka sa Kawu, muka rufe, muka yi addu'a. Mutanen garin suna tsaye daga nesa, mazan sun cire huluna.

Da muka gama, Isiyaku ya je gaban tsohuwar ya tsuguna har ƙasa, kamar yadda ake gaida uwa. Ya ce da Etim ya gaya mata ya ɗaga ta ya ajiye, taubashinsa kuma ya ɗaga mata itace, su yafe. Ta yi magana gajera. Etim ya ce ta ce ba nauyi gare ta ba, kuma itacen da na ɗauka ruɓaɓɓe ne. Isiyaku ya miƙa mata dagin da hannu biyu, ya ce shi ne kawai abin da uban ya bari. Ta karɓa, ta juya shi, ta mayar masa. Etim ya ce iskar gishiri tana cinye ƙarfe a wurinsu, kafin shekara ya zama gari, ya kai shi inda zai yi amfani.

Ba mu je Tiko ba. Mun zauna da su muna shanya kifi da ɗaukar itace har muka sami abin komawa, kuma har muka bar wurin ban daina fitowa kallon ruwan yana tafiya yana dawowa ba. Etim ya kai mu Kalaba da jirginsa, a zaune, ba a rufe da tabarma ba.

Mun iso Bauranya ana sharar gona. Da muka ba da labari a ƙofar gidan mai gari, dattawa suka karɓi mutuwar, suka yi addu'a, amma maganar kogi mai komawa da baya ba tare da hadari ba, wani tsoho ya ce zafin rashi ne ya taɓa mu. Inna, matar Kawu, ba ta tambayi wannan ba. Daga bayan ƙyaure ta tambaye ni ko wurin da yake kwance busasshe ne. Na ce mata busasshe ne, na taɓa da hannuna.

Isiyaku ya gaji sana'ar ubansa. Da dagin nan ya haƙa rijiyar da ke bayan masallacin unguwarmu, wadda ake sha har yanzu.